Makonnin da Muka Goge Muryar Vesa

Juma'a, 16 ga Oktoba, 1998, bakwai na safe

Na sayi wannan littafin ne don rubuta baitocin faifanmu na farko. Waƙoƙi tara duk sun shiga, saura shafi kusan arba'in babu komai. To, ga su.

Abin da ya faru jiya a situdiyo ba yau zan rubuta shi ba. Abin da zan iya faɗa kawai shi ne, yayana Vesa, mawaƙin ƙungiyarmu, ya iso ƙarfe goma sha ɗaya, alhali sai ƙarfe biyu yake tashi daga masana'antar takarda. An sallame su da wuri ne. Ya zo da burodin kirfa da Mama ta gasa mana. Ledar tana nan kan teburin Raimo mai situdiyo, babu wanda ya taɓa ta.

Na kira gidansa sau biyu. Ba a ɗauka ba.

Juma'a, shida na yamma

Raimo ya ce ranar goma sha uku ga Nuwamba zai rufe tef ɗinmu, ko mun gama ko ba mu gama ba, don mawaƙan coci ke biye da mu. Shekararsa hamsin da biyar, bai taɓa ɗaukar kiɗan metal, mai ƙara da gudu, ba sai a kanmu, kuma 'yan gashi yake kiranmu saboda dogon gashinmu. Yau bai kira mu haka ba. Na ɗauki gita na buga wurin da ya fi sauri a waƙa ta biyu sau goma sha huɗu, yatsuna suna ta sarƙewa. Ya kashe na'ura ya ce in je gida in ci abinci.

Asabar, 17 ga Oktoba, da rana

Na je gida. Baba ya tafi daji da abokan farautarsa. Mama ta zuba min miyar kifi da baƙin burodi, ta zauna tana kallona ina ci. Ta ce Vesa ya zo jiya ya ɗauki takalmansa na daji. Sai da zan fita ta tambaye ni ko burodin kirfan ya yi daɗi. Na ce ya yi.

Lahadi, 18 ga Oktoba, huɗu na yamma

Na kira. Matar Vesa, Sirkku, ce ta ɗauka, ta ce ba ya nan. Ina jin tarinsa a bayanta.

"Ilkka, ka ƙyale shi tukuna," in ji ta.

Litinin, 19 ga Oktoba, biyar na yamma

Santtu, sabon mawaƙin da muka ɗauko, ya dawo daga garin Oulu a motar safe. Dole in rubuta gaskiya game da shi ko da a nan ne kawai. Siriri ne, ba ya iya kallon mutum a ido, yana magana kamar mai ba da haƙuri. Amma da ya tsaya gaban makirfo, ganguna suka ɗauki gudu, sai muryarsa ta tashi ta haye saman gita da fiyano ta tsaya can ba ta ko rawa. A waƙar maƙerin da ya ƙera takobi da ƙanƙara akwai wani wuri a amshi wanda Vesa ya yi ta fama da shi sau talatin a watan Agusta, har wuyansa ya yi ja. Santtu ya wuce shi sau ɗaya yana riƙe da kofin shayi.

Wannan ce muryar da nake ji a kaina tun ina rubuta waƙoƙin nan. Na ji daɗi. Tsigar jikina ta tashi, na ji daɗi, daga baya na fita bayan gini na tsaya cikin sanyi.

Da muka tashi ya matso ya tambaye ni a hankali ko yayana ya huce. Ya ce shi da aka kira shi, ce masa aka yi Vesa ya yarda. Bai faɗi wanda ya ce masa haka ba. Mu biyun mun san ko waye.

Talata, 20 ga Oktoba, takwas na safe

Yau mako biyu ke nan da waccan Talatar.

Mutumin kamfanin faifai ne ya kira daga Helsinki. Ya ce abokan hulɗarsu na Japan sun saurari waƙoƙi uku da muka aika, suna son komai, gudun, fiyanon, amshin da mutum zai iya rerawa tun ji na farko. Murya ce kawai. Irin wannan kiɗan, in ji shi, mawaƙi ne ke ɗaga shi sama, Vesa kuwa ƙasa yake jan sa. Ya san wani a Oulu. Ya ce in yi tunani.

Ina so in rubuta cewa na yi tunani. Kafin ya ajiye waya na ce to.

Duk kwana taran da suka biyo baya ina tare da Vesa. Mun shiga sauna, ɗakin wankan tururi, tare ranar Asabar, na zuba ruwa a duwatsu, yana ta lissafa min garuruwan da za mu zagaya idan faifai ya fito. Na ce a raina gobe zan faɗa masa. Kullum gobe.

Talata, bakwai na yamma

Na kira. Ba a ɗauka ba.

Laraba, 21 ga Oktoba, uku na rana

Outi mai buga mana fiyano ta tare ni a wurin ajiye motoci. Tun makarantar sakandare muke tare da ita, ban taɓa ganin ta haka ba. Ashe ita da Kimmo mai ganguna duk sun ɗauka na yi magana da Vesa kafin Santtu ya zo, don na ce musu an daidaita komai. Ta ce ranar Alhamis har ɗaga wa Vesa hannu ta yi ta bayan gilashi tana murmushi.

"Ka mai da ni muguwa ban sani ba," ta ce. "Da kai kaɗai ka yi abinka, da sauƙi."

Na ce mata kamfani ne. Ta ce kamfani ba shi da yaya. Ta ce za ta gama aikinta a faifan don ta riga ta sa hannu, bayan nan kada in tambaye ta komai.

Kimmo ya so ya sassauta abin, ya ce ai shi ma in an sami wanda ya fi shi sauri a gaya masa da wuri ya koma tuƙin motar katako. Babu wanda ya yi dariya, har shi.

Alhamis, 22 ga Oktoba, da rana

Raimo ya zaunar da ni ya yi min bayani kamar yana koya wa yaro karatu. Tef ɗinsa layi ashirin da huɗu gare shi, ba ƙari. Ganguna sun ci goma, gitoci da fiyano sun ci nasu. Santtu yana buƙatar layi biyar ko shida a kowace waƙa, don yana ɗora murya kan murya har amshi ya zama kamar taron mutum ashirin. Wurin da ya rage shi ne inda muryar Vesa take. In aka ɗora wata a kai, ta tafi ke nan, ba ta dawowa.

"Ni ba zan danna ba sai ka ce," in ji shi. "Kai ne mai waƙa."

Na ce ya fara da ta farko kawai.

Asabar, 24 ga Oktoba

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. Ban kira ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba, goma na safe

Na je garejin Baba, inda muka yi shekara biyar muna gwaji. Vesa ya riga ni zuwa wata rana, ya kwashe kayansa. Ya bar tsohon bargon da muka rataya a bango don kada maƙwabta su kai ƙara, ya bar kujerarsa mai ƙafa uku.

Shi ya fara komai. Ina ɗan shekara goma sha uku ya miƙa min gitarsa ya ce yatsunsa na ma'aikaci ne, nawa kuwa ba su da wani amfani sai wannan. Shi ya sa wa ƙungiyar suna Hallavaara, sunan tudun da ke bayan gidan kakarmu. Shi yake tuƙa mu zuwa garuruwan Sotkamo da Kuhmo mu yi wasa gaban mutum talatin, rabinsu a buge, kuma idan ya buɗe baki sai su juyo. Muryarsa mai kauri ce, mai ɗan kaushi, ta mutumin da ya yini yana magana a kan ƙarar inji. Ban taɓa ganin wanda ya raina shi a dandali ba. Amma ni na riƙa rubuta waƙoƙi ina ƙara hawa sama kowace shekara, ina sane da inda muryarsa ke tsayawa. Bai taɓa cewa in sauko ba. Ni ma ban taɓa saukowa ba.

Talata, 27 ga Oktoba, shida na yamma

Waƙa ta biyu, ta uku, ta huɗu sun tafi. Yanzu Raimo ba ya tambaya da baki, kallona kawai yake yi, ni kuma in gyaɗa kai.

Alhamis, 29 ga Oktoba, bakwai na safe

To, bari in rubuta.

Ranar Alhamis ɗin nan muna tsakiyar waƙar maƙeri, Santtu na cikin ɗakin makirfo, mun ƙure sauti. Ban ji buɗe ƙofa ba. Da na waiwaya, Vesa na tsaye da rigar aikinsa da leda a hannu. Raimo ya kai hannu zai tsayar da tef, Vesa ya girgiza masa kai. Ya tsaya ya saurari waƙar har ƙarshe, minti shida. Da Santtu ya fito, Vesa ya miƙa masa hannu ya ce yana da murya. Sannan ya juyo gare ni.

"Tun yaushe, Auta?"

"Tun Talatar makon jiya."

"Kafin sauna ke nan."

"E."

Ya ajiye ledar a tebur ya fita, ya ja ƙofar a hankali kamar yadda Raimo ke so a riƙa yi. Ban bi shi ba. Wannan ne abin da ke dawo min. Ina jin motarsa ta ƙi tashi a karon farko, ta ƙi a na biyu. Da na fita da na same shi. Na tsaya ina kallon ledar har motar ta tashi.

Lahadi, 1 ga Nuwamba, biyar na yamma

Jiya su Baba sun harbi hirvi, wata ƙatuwar barewar daji, namiji, mai ƙaho kamar reshen bishiya. Kowace shekara mu uku muke yanka rabonmu a gareji. Bana Baba ya ce Vesa zai zo da safe, ni in zo da rana. Da na isa na tarar da wuƙar Vesa a wanke a kan tawul, da kofinsa da sauran ɗumi.

Mun yi awa biyu muna aiki. Sai da muke naɗe nama a takarda Baba ya ce shi bai san kiɗa ba, duk hayaniya ce a kunnensa, kuma wataƙila yaron Oulu ya fi Vesa, shi ba zai iya rarrabewa ba.

"Amma a ƙungiyarmu ta farauta, wanda ya yi harbi bai sanar da na kusa da shi ba, ba ma sake fita da shi. Ko da ya kawo nama."

Ya ba ni ƙulli biyu, ya ce in sa a firji da wuri.

Talata, 3 ga Nuwamba

Ta takwas ta tafi. Saura ɗaya.

Laraba, 4 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Waƙa ta tara ita ce mai sanyi, wadda ba ta da gudu. Ita kaɗai ce Vesa ya rubuta baitocinta, game da kwale-kwalen kakanmu da ya ruɓe a bakin tafki bayan rasuwarsa. Babu hawa sama a cikinta. Raimo ya kunna mana yau don Santtu ya koya, sai Santtu ya cire abin sauraro daga kunnensa ya ce shi ba zai rera wannan ba, babu abin da zai ƙara mata. Outi ta sunkuyar da kai kan fiyano.

Na kira Helsinki. Na yi magana minti ashirin, irin maganar da ya kamata in yi wata guda da ya wuce. Mutumin ya ce to, a bar ta da muryar Vesa a ƙarshen faifai, baƙon mawaƙi, abin ma zai yi kyau. Sauƙin da ya yarda ya fi komai ƙona min rai.

Ranar Lahadi ce ranar iyaye maza. Mama ta ce kowa zai zo, ba ta son jin uzuri. Zan faɗa wa Vesa a can.

Lahadi, 8 ga Nuwamba, bakwai na yamma

Ya zo. Ya aske gashinsa, gashin da ya kai masa tsakiyar baya. Sai da na sake duba shi.

A tebur ya yi hira da kowa, ya zolayi Baba kan safar da aka ba shi, ya ƙara nama sau biyu. In yana son gishiri sai ya tambayi Sirkku, alhali yana gabana. Bayan kofi Mama ta ce itacen sauna ya ƙare, mu biyu mu je mu faskaro. Itace kuwa na nan jibge, duk mun gani.

A rumfar itace na faɗa masa maganar waƙa ta tara. Na faɗa da sauri, kamar mai miƙa kyauta. Ya ci gaba da faskare. Can sai ya kafa gatari a kututture ya ce tun watan Afrilu ya ga likita a kan maƙogwaronsa. An ce akwai wasu 'yan ƙulluka, in ya ci gaba da tilasta muryar zai rasa har ta magana. Niyyarsa ya lallaɓa mu gama wannan faifan, sannan ya ce mu nemi wani.

Na tambaye shi me ya sa bai gaya min ba. Ya ce kunya.

"Ka ga ni ma na ɓoye maka," in ji shi. "Amma ni abina na ɓoye. Kai nawa ka ɓoye min."

Na ce ya yi haƙuri. Ban taɓa jin kalma ta yi ƙanƙanta a bakina kamar wannan ba.

"Da ka tambaye ni, Auta, da ni zan kai ka Oulu a motata mu nemo shi. Da na zauna kusa da Raimo ina gyara masa inda zai ja numfashi. Na san waƙoƙin nan fiye da kowa."

Game da ta tara kuwa, ya ce ba ya so. Ba zai zauna a ƙarshen faifan wani kamar hoton mamaci a bango ba. Baitocin ya bar mana, Santtu ya rera ko mu jefar. Amma muryar tasa ce, kuma shi zai cire ta da hannunsa. Ya tambayi ranar da za a rufe tef.

Litinin, 9 ga Nuwamba

Tun Afrilu. A watan Agusta ni ne nake cewa ya sake, ya sake, sau talatin.

Laraba, 11 ga Nuwamba, biyu na rana

Santtu ya yarda zai rera, bayan Vesa ya kira shi da kansa a masaukinsa. Sun yi rabin awa a waya. Ban tambayi abin da suka tattauna ba.

Da kowa ya fita Raimo ya rufe ƙofa ya ce min abu ne na minti biyar ya kwafe muryar Vesa a kaset kafin gobe. Ba wanda zai sani. Ya ce shekara talatin yana wannan aiki, ya ga mutane da yawa sun goge abu cikin fushi sun dawo suna nema. Har ya ɗauko kaset ɗin ya ɓare ledarsa.

Na daɗe ina kallon kaset ɗin. Ina so ƙwarai. Na ce ya bari sai gobe.

Alhamis, 12 ga Nuwamba, shida na yamma

Vesa ya iso ƙarfe biyu da rabi daga aiki. Ya rungumi Outi, ya ce wa Kimmo har yanzu yana gudu a amshi kamar wanda kare ya biyo. Raimo ya ce ga ɗan gashi ya dawo babu gashi. An ɗan yi dariya.

Kafin a fara na ce ina da tambaya, a gaban kowa. Na ce Raimo zai iya kwafe muryar a kaset, ba don faifai ba, don ni kaɗai, ko don Mama. Na ce ba zan yi ba sai ya yarda.

Ya dube ni sosai, karo na farko tun ranar nan. Na ga ya ji daɗin tambayar, har na fara sa rai.

"A'a," ya ce.

Raimo ya mayar da kaset cikin aljihun tebur.

Vesa ya ce a kunna masa sau ɗaya tukuna. Muka saurara, minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Akwai wani wuri kafin baiti na biyu da yake jan numfashi, ana jin sa sarai. Ban taɓa lura da shi ba sai yau. Da ta ƙare, Raimo ya mayar da tef baya, ya nuna masa maɓallin. Ya danna, jar fitila ta kama. Fiyanon Outi ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, mu kuma muna tsaye har ƙarshe.

Ya zauna ya saurari Santtu ya rera sau biyu, ya gyara masa kalma ɗaya. Sannan ya sa hularsa.

Wannan karon na bi shi waje. Yana share ƙanƙara daga gilashin mota, bai juyo ba, ya ce ranar Asabar za su yi fentin ɗakin jariri, in ina da lokaci in zo da tsofaffin kaya.

Ban san Sirkku na da ciki ba. Na tambaye shi tun yaushe aka sani. Ya ce mako uku ke nan da suka gaya wa su Mama. Outi ma ta sani, har Kimmo.

Juma'a, 13 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Na kai tef tashar mota da kaina, ya tafi Helsinki a motar ƙarfe ɗaya. Faifan ya yi kyau. Ya yi kyau fiye da yadda na taɓa zato, kuma na san mutane za su so shi.

A hanyar dawowa na gwada tuno yadda Vesa ya rera baiti na biyu. Na farko ya zo daidai. A tsakiyar na biyu sai na ji muryar Santtu ce ke fitowa. Kwana ɗaya kacal.

Na tsaya a shago na sayi burushin fenti guda biyu. Ban tambaye shi launin da suka zaɓa ba. Gobe zan tambaya.